Yadda Kakana Ke Gane Shayi Mai Kyau

1/ A Magami, kakana ba ya yabon shayi sai ya ɗanɗana dahuwa uku: ta farko ɗaci, ta biyu ƙamshi, ta uku zaƙi.

2/ Daga Sahara wannan al'ada ta zo. Lokacin Yaƙin Kirimiya (1853–1856), 'yan kasuwar Ingila suka karkatar da koren ganyen shayin Sin zuwa Maroko. Can ake haɗa shi da na'a-na'a, sannan ayarin Buzaye suka gangaro da shi kudu.

3/ Mu kuma muka ƙara citta da kanumfari. Amma tsoho yakan ce, in yaji ya danne ganye, to akwai abin da mai shayi yake ɓoyewa.

4/ Yanzu fa? Mu jefa Lipton, mu antaya madara, shi ke nan. Jama'a, wa cikinmu zai iya gane tsohon ganye da harshensa?