Tafkin Cadi da Mutanen Bakinsa

A kusurwar gabas ta ƙasar Barno, inda iyakokin Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka haɗu, nan Tafkin Cadi yake. Ruwa ne mai fāɗi amma ba shi da zurfi, a wurare da yawa da gora ake tura jirgi. Mafi yawan ruwansa daga kudu yake zuwa, ta kogin Shari da na Lagon. Ta yamma kuwa akwai Komadugu Yobe, wanda ke ɗauke da ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are. Watau ruwan saman da ya zuba a ƙasar Kano, in ba a tare shi ba, wani daga cikinsa can yake ƙarewa. Abin mamaki, ba kogin da ke fita daga tafkin zuwa teku, amma duk da haka ruwansa na daɗi ne, mutum ya sha, dabba ta sha.

Tun zamanin da, sarauta a wannan yanki ba ta nisa da ruwan nan. Sarakunan Kanem, waɗanda ake kira Mai, a gabashinsa suka fara mulki. Da Bulala suka matsa musu, sai suka ƙaura zuwa yamma, har Mai Ali Gaji ya gina Birnin Ngazargamu kusa da Komadugu Yobe. Daga baya Shehu Laminu ya kafa Kukawa a 1814, ita ma ba nisa da gaɓa. A zamaninsa ne Turawan nan, Denham da Kilafaton, suka iso bakin tafkin a 1823.

Amma ainihin 'yan gida su ne Buduma, mazauna tsibirai. A da, da ciyawar ruwa suke ɗaure jiragensu. Suna da wasu shanu farare, Kuri, masu ƙahoni kumburarru, waɗanda ke iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan neman kiwo. A da kuma su ne ke haye da kanwa daga gabas zuwa kasuwar Baga. A gaɓa ga Barebari manoma, ga Larabawan Shuwa da Fulani da garkunansu. Hausawa masunta su ma sun zo da yawa, musamman bayan da tarun roba ya samu, har bandar Baga ta yi suna, ana lodinta a mota zuwa Anaca.

Mutanen nan duka sun san halin ruwansu: ya cika, ya janye. In ya cika, masunci ya samu. In ya janye, manomi ya bi danshi ya shuka masara da wake, in ya girbe makiyayi ya shigo da dabbobi. Mutum ɗaya ma yakan yi sana'a ukun nan bi da bi. A ganina wannan dabara ita ta tsare su shekaru aru-aru, gama ba wanda ya kafe a wuri guda ya ce lalle sai ruwa ya zo ya same shi.

A 1963 fāɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Shekara ɗaya bayan haka, ran 22 ga Mayu 1964, shugabannin ƙasashen nan huɗu, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Diori Hamani da Ahmadu Ahijo da Tombalbaye, suka kafa Hukumar Tafkin Cadi a Fort Lamy, garin da yanzu ake kira Njamena. Suka yi alkawari kada wata ƙasa ta yi wani babban aikin ruwa ba tare da ta sanar da sauran ba. Alkawarin na da kyau, sai dai an ɗaura shi ne lokacin yalwa.

Sa'an nan fari ya zo. A 1973 ruwa ya ragu har tafkin ya rabu biyu, kudu da arewa. A farin 1984 kuwa abin da ya saura bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Garuruwan da jirage ke tsayawa a bakinsu suka wayi gari ruwa ya yi musu nisa. Gwamnatin Nijeriya ta riga ta kashe kuɗi masu yawa ta haƙa babbar hanyar ruwa domin noman alkama da shinkafa a wajen Marte. Ruwan ya janye ya bar bakin hanyar a bushe. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992 sun amfani Kano ƙwarai, amma sun rage abin da ke gangarawa Yobe. Kada dai a ɗora musu laifin duka: ƙarancin ruwan sama a kudu, inda Shari ke tasowa, shi ne babban dalili.

Masunta suka yi abin da kakanninsu ke yi, suka bi ruwa. To, amma yanzu akwai iyaka, ruwa kuwa bai san ta ba. A 1983 sojan Nijeriya da na Cadi suka gwabza saboda tsibirai. Mutanen Nijeriya da suka zauna a Darak sun tarar ashe cikin Kamaru suke, kotun duniya ta tabbatar da haka a 2002, aka miƙa garin a 2003. Mafi muni duka shi ne fitinar Boko Haram, wadda ta afka wa Baga a watan Janairu na 2015, ta watsa dubban mutane, cinikin kifi ya tsaya.

Tafkin bai mutu ba, ko da yake an sha faɗin haka. Tun daga wajen 1990 ruwan ya ɗan dawo, a 2022 ma ambaliya aka yi. Ƙasashen yankin sun amince da wata dokar rabon ruwa a 2012, kuma a 2018 an yi taro a Abuja kan shawarar jawo ruwa daga kogunan Kwango, aiki mai tsada wanda masana ba su daidaita a kansa ba. Mai jirgi a Doron Baga kuwa, abin da ya fi damunsa shi ne ya fita da asuba ya jefa taru, ya komo da yamma ba wanda ya tare shi da bindiga ya ce ya biya kuɗin ruwa.