Daga Jirgin Ruwa zuwa Intanet: Tarihin Hanyoyin Gano Makaɗan Rok na Gwaji da na Metal

Gabatarwa

Galibin abin da aka rubuta game da tarihin kiɗan rok na Turai da Amurka ya fi karkata ne ga makaɗa da fayafayansu. Ba kasafai akan tsaya a tambayi yadda mai sauraro ya yi ya san da zaman waɗannan makaɗa ba. Ga kiɗan da ya cika kasuwa tambayar ba ta da nauyi, domin shi ne ke bin mutum har gida. Amma akwai wani reshe na rok wanda tun ɓullowarsa a ƙarshen shekarun 1960 sai an tashi an neme shi ake samunsa. Reshen ya ƙunshi rok na ci gaba, watau wanda ya ari tsari daga jaz da kiɗan manyan zaurukan Turai. Da rok na gwaji, wanda ke karya ƙa'idojin waƙa da gangan. Da kuma ɓangaren metal, watau rok mai nauyin amo, wanda ya bi sawunsu daga baya.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin hanyoyin da masu sauraro suka bi wajen gano irin waɗannan makaɗa daga 1967 zuwa zamanin intanet. Abin da zai bayyana shi ne, kayan aiki sun yi ta sauyawa, amma a kowane zamani akwai wani amintacce da ke tsaye tsakanin makaɗi da kunne, kamar yadda dillali ke tsayawa tsakanin mai kaya da mai saye.

Tushen Matsalar

Cinikin kiɗa a shekarun 1960 ya dogara ne a kan ƙaramin faifai, wanda waƙarsa ba ta cika wuce minti 3 ba, kuma a kan wannan awo gidajen rediyo suka tsara shirye-shiryensu. Su kuwa makaɗan ci gaba babban faifai suka ɗauka a matsayin filin aikinsu, wanda kowace fuska tasa kan ɗauki minti 20 ko fiye. A cikin 1972 kaɗai, ƙungiyar Yes ta fitar da "Close to the Edge" mai tsawon fiye da minti 18, Genesis ta fitar da "Supper's Ready" mai kusan minti 23, Jethro Tull kuma ta cika fuskoki biyu na faifanta "Thick as a Brick" da waƙa guda. Babu shirin rana da zai iya ɗaukar irin wannan. Ga shi kuma babban faifai yana da tsada ga ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci, saye ba tare da an ji ba kuwa kasada ce. Saboda haka mai sauraro ya buƙaci wanda zai riga shi ji, ya kuma yarda da hukuncinsa.

Rediyon Dare

Dillali na farko shi ne mai gabatar da shirin dare. A Ingila, gidajen rediyo marasa lasi sun riƙa watsa shiri daga jiragen ruwa da ke tsaye a bayan iyakar ruwan ƙasar. A ɗaya daga cikinsu, Radio London, wani matashi mai suna John Peel ya samu filin tsakar dare zuwa ƙarfe 2 a cikin 1967, ya yi watsi da jerin waƙoƙin kasuwa, ya riƙa sa abin da ransa ya so. Ran 14 ga Agusta na wannan shekara tashar ta rufe, saboda dokar da majalisa ta kafa a kan irin waɗannan jirage. Da BBC ta buɗe Radio 1 a ƙarshen Satumba, sai ta ɗauki Peel, ya kuma zauna a can har rasuwarsa a 2004.

A nan wata ƙa'ida da aka yi don wata manufa dabam ta yi wa kiɗan gwaji rana. Yarjejeniyar BBC da ƙungiyar makaɗa da masu fayafayai ta taƙaita yawan sa'o'in da za a sa faifai a rediyo. Don cike giɓin, sai aka riƙa gayyatar ƙungiyoyi su zo ɗakin ɗaukar sauti na BBC su yi kiɗa. Ta haka ne ƙungiyar da ba ta da faifai ko ɗaya za ta iya shiga kunnen ƙasa baki ɗaya. King Crimson ta yi irin wannan zama a 1969, tun kafin fitowar faifanta na farko a watan Oktoba na shekarar.

A Amurka ma doka ce ta buɗe ƙofa. Daga 1967 hukumar sadarwa ta hana tashoshin manyan birane maimaita dukkan shirinsu na zangon AM a kan zangon FM. Masu tashoshi suka rasa abin cike lokaci, suka sakar wa masu gabatarwa mara, irin su Tom Donahue na tashar KMPX a San Francisco, wanda kan sa dogayen waƙoƙi daga cikin babban faifai ba tare da katsewa ba.

Tambarin Kamfani da Faifan Ɗanɗano

Da manyan kamfanoni suka ga akwai kasuwa, sai suka lura cewa matasan ba su amince da sunayensu ba. Dabarar da suka yi ita ce buɗe ƙananan rassa masu sabon suna. A 1969 EMI ta kafa Harvest, inda Pink Floyd ta koma. Philips ta kafa Vertigo, wanda ya fitar da faifan farko na Black Sabbath a Fabrairun 1970 da kuma na Gentle Giant. A 1969 ɗin ne kuma Tony Stratton-Smith ya kafa Charisma mai zaman kansa, gidan Genesis da Van der Graaf Generator. Tambarin kamfani ya zama shaida: mai saye kan ɗauki faifan ƙungiyar da bai taɓa jin sunanta ba don kawai ya ga tambarin da ya sani. Zanen bango ma ya yi irin wannan aiki, musamman zanen Roger Dean a kan fayafayan Yes.

Dabara ta biyu ita ce faifan ɗanɗano, watau babban faifai mai araha da ya tara waƙa ɗai-ɗai daga ƙungiyoyi da yawa. CBS ta fitar da "The Rock Machine Turns You On" a 1968 a kan ƙasa da sule 15, abin da bai kai rabin kuɗin faifai na yau da kullum ba. Island ta bi da "Nice Enough to Eat" a 1969, wanda ya kai King Crimson gidajen da ba za su sayi faifanta ba. Kamfanin Virgin, wanda ya faro daga sayar da fayafayai ta gidan waya, ya kai dabarar ƙarshe a 1973, lokacin da ya sayar da cikakken faifan ƙungiyar gwaji ta Jamus, Faust, a kan kwabo 49 na Ingila, daidai da kuɗin ƙaramin faifai.

Lokacin da Kamfanoni Suka Juya Baya

Wannan zumunci bai daɗe ba. Daga 1976 kiɗan fank na Sex Pistols da ire-irensu ya mamaye jaridun kiɗa na Ingila, aka shiga kallon dogayen waƙoƙi a matsayin tsohon yayi. Manyan ƙungiyoyi sun tsira, amma ƙanana sun rasa masauki. Henry Cow, wadda aka kafa a Cambridge a 1968, ta rabu da Virgin. A yawonta na Turai ta haɗu da ƙungiyoyin da babu kantin Ingila da ke sayar da fayafayansu, don haka ran 12 ga Maris 1978 ta shirya biki a Landan da sunan Rock in Opposition, ta gayyato Stormy Six daga Italiya, Samla Mammas Manna daga Suwidin, Univers Zero daga Beljiyam, da Etron Fou Leloublan daga Faransa. A shekarar ce makaɗin gangarta, Chris Cutler, ya kafa Recommended Records. Sunan ma ya bayyana manufar, watau fayafayan da aka yaba. Kasidar kamfanin ta riƙa zuwa ta gidan waya, kuma abin da mai saye ke biya a haƙiƙa shi ne kunnen Cutler.

Misali mafi ban mamaki ya zo a 1979. Ƙungiyar Nurse with Wound ta Steven Stapleton ta buga jerin sunayen makaɗan da suka yi mata tasiri tare da faifanta na farko, aka ƙara shi a faifai na biyu har ya kusa suna 300, da yawansu Jamusawa da Faransawa da Italiyawa waɗanda fayafayansu suka daɗe da ɓacewa daga kanti. Babu sharhi a jerin, sunaye ne zalla. Duk da haka masu tara fayafayai sun shafe shekaru suna farautar abin da ke cikinsa, wasu fayafayan ma saboda shi aka sake buga su.

Metal da Musayar Kaset

Masu sauraron metal sun gaji wannan matsala, suka warware ta da nasu kayan aiki. A Ingila akwai shirin daren Juma'a na Tommy Vance a Radio 1 daga 1978, da jaridar Sounds, da mujallar Kerrang! wadda ta fito a 1981. Amma babbar hanyar ita ce kaset. Matashi kan sa talla a bayan mujalla yana neman abokin wasiƙa, su yi musayar jerin abin da kowa ke da shi, sa'an nan kowa ya kwafa wa ɗan'uwansa ya aika ta gidan waya. Sauti na raguwa da kowane kwafi, amma suna na yaɗuwa. A daidai lokacin da kamfanonin fayafayai na Ingila suka fara yaƙi da kwafin kaset a gida a 1981, wannan kwafin ne ke haifa musu taurarin gobe. Kaset ɗin gwaji na Metallica na 1982 ya bi hannu zuwa hannu har ya isa wurin Jon Zazula, mai rumfar fayafayai a New Jersey, wanda ya kafa kamfani ya fitar da faifansu na farko a 1983.

Faifan ɗanɗano ma ya dawo. Brian Slagel na Los Angeles ya fara jerin "Metal Massacre" a 1982, kuma na biyar a jerin, na 1984, ya ƙunshi Voivod ta Kanada da Fates Warning ta Amurka, waɗanda daga baya aka lissafa cikin magabatan metal na ci gaba. Queensrÿche kuwa da kanta ta buga ƙaramin kundinta na farko, yabon da Kerrang! ta yi masa ya taimaka wajen jawo hankalin EMI a 1983.

Su kansu makaɗa sun ci gaba da nuna hanya. Ƙungiyar Opeth ta Suwidin ta raɗa wa faifanta na 2001 suna "Blackwater Park", sunan wata ƙungiyar Jamus ta farkon shekarun 1970 da kusan an manta da ita. Matashin da ya shigo ta ƙofar metal, in ya bi sunan, sai ya tarar da kansa cikin rok na shekara 30 baya.

Zamanin Yalwa

Intanet ta kawar da ƙarancin da ya haifi dukkan waɗannan dabaru. Napster ta zo a 1999, kundin sunayen ƙungiyoyin metal mai suna Encyclopaedia Metallum a 2002, Bandcamp da Spotify a 2008. Faifan da a da sai an yi shekara ana nema, yanzu yana samuwa nan take. Sai dai wata matsala ta maye gurbin ta da: lokacin mai sauraro bai ƙaru ba. Manhajojin da ke ba da shawara kuma suna aiki ne da kamance, suna kawo wa mutum abin da ya yi kama da abin da ya riga ya ji. Wannan ya yi daidai ga kiɗan kasuwa, amma ya saɓa wa kiɗan gwaji, wanda darajarsa ita ce rashin kama da komai. Peel yakan sa wa mai sauraro abin da bai nema ba, wani lokaci ma abin da bai so ba a jin farko.

Cewa tsohuwar hanya ba ta mutu ba, akwai shaida daga wannan yanki. Mdou Moctar, Ba'abzine makaɗin jita daga Nijar, ya ɗauki kundinsa "Anar" a Sakkwato a 2008. Waƙoƙin suka yaɗu a Sahel daga wayar hannu zuwa wayar hannu, kamar dai musayar kaset ta da. Christopher Kirkley, Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji ɗaya daga cikinsu, ya sa ta a faifan ɗanɗano mai suna "Music from Saharan Cellphones", ya kuma nemo mai ita. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da faifansa "Afrique Victime", masu sauraron rok na Turai da Amurka suka karɓe shi. Matakan su ne na da: hannu zuwa hannu, kunne amintacce, faifan ɗanɗano, sa'an nan tambarin kamfani.

Kammalawa

Wannan tarihi yana da darasi ga masu nazarin al'adu gaba ɗaya. Abin da ya wanzu daga fasahar wani zamani ya danganta ne da waɗanda suka ɗauki nauyin zaɓe da isarwa, kuma sau da yawa ba su ne masu iko da kasuwa ba. Mai shirin dare, da mai ƙaramin kamfani, da matashi mai kwafin kaset, su ne suka tsara jerin sunayen da ake karantarwa a yau a matsayin tarihin wannan kiɗa. Ƙungiyar da ba ta faɗa hannunsu ba kuwa ta ɓace, ko da ta fi wasu gwaninta. Don haka mai bincike ya kamata ya ɗauki kasidun sayarwa da tallace-tallacen bayan mujalla da jerin waƙoƙin rediyo a matsayin madogara, daidai da fayafayan kansu. Mai neman abin saurare kuwa, hanyar da ta yi aiki tun 1967 ba ta canza ba: ya dubi kamfanin da ya buga faifan da ya so, da sauran ƙungiyoyin da makaɗan suka yi aiki a ciki, da sunayen da suka ambata, ya kuma samu wanda ya riga shi shiga fagen ya tambaye shi. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.