Malam a Bakin Masu Barkwanci: Daga Maƙamar Hariri Zuwa Malam Zurƙe

Duk wanda ya ziyarci Madarumfa, kudu da Maraɗi, ba zai rasa jin labarin kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tabkin garin ba. Tun shekarar 2006 ƙasar Nijar ta sanya tabkin da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Wannan kaɗai ya isa shaida a kan girman malami a ƙasar Katsina da Maraɗi. To amma al'ummar da ke tuɓe takalmi a ƙofar zauren malam, ita ce kuma ta daɗe tana yi wa malam dariya a wasanninta da littattafanta. Tarihin wannan dariya shi ne abin da za mu ɗan bibiya a nan.

Farkon abin lura shi ne, a cikin makaranta aka haifi wannan barkwanci. Daga cikin manyan littattafan lugga da ake karantawa a makarantun zaure akwai Maƙamat na Hariri, mutumin Basra, wanda ya rayu daga 1054 zuwa 1122. Maƙama hamsin ce, kuma gwarzonta Abu Zaid, tsoho ne mai tarin ilmi da fasahar harshe, amma yana yawo gari gari yana sauya kama, yau mai wa'azi, gobe mai bara, yana tatsar kuɗin jama'a. Ke nan ɗalibin da ya yi nisa a karatu, a gaban malaminsa yake fara cin karo da hoton masani mayaudari, kuma malamin ne da bakinsa yake fassara masa.

Yara ma suna da nasu kason. A cikin wasannin tashe na watan azumi akwai wanda ake kira Ka Yi Rawa, inda yaro kan manna gemun auduga, ya naɗa rawani, ya fito a siffar malami. Sauran yara su tuhume shi da taka rawa, shi kuwa ya yi ta musu, daga bisani kuma kiɗa ya ɗebe shi a gaban kowa. Ba a taɓa ɗaukar wannan a matsayin cin mutuncin karatu ba. Abin da ake zolaya shi ne tazarar da ke tsakanin gemu da hali.

Rubutaccen ƙagaggen labari ya karɓi wannan gado ne a 1933, sa'ad da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta littattafan hira. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina a lokacin, ya shiga gasar da Ruwan Bagaja. Zaren labarin neman ruwan magani ne, amma abin da masu karatu suka fi riƙewa shi ne 'yar tsamar da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, mutum biyu da ke ta haɗuwa a garuruwa, kowa yana ƙulla wa ɗan'uwansa tsiya.

Karawarsu ta garin Saburi ta cancanci a tsaya a kanta. Alhaji ya sauka a garin yana da'awar malanta alhali bai da karatun kirki. Da Zurƙe ya zo zai tona masa asiri, sai Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa, ya nemi a karanta. Zurƙe ya yi ta laluben haruffan Larabci da suka yi kama da zanen, Alhaji kuwa ya ce ai jinjirin wata ne. Mutanen gari, da yake wata suka sani ba harafi ba, suka ba Alhaji gaskiya, suka kori wanda ya fi shi sani.

A nan Imam ya juya al'amarin Hariri. Abu Zaid da ilmi yake cin kasuwarsa, Alhaji kuwa da jahilci ya ci tasa. Kuma idan aka duba da kyau, bulalar ta sauka a kan mutum uku. Ta sami mayaudari. Ta sami Zurƙe, wanda karatu ya rufe wa ido har ya kasa ganin abin da ɗan ƙauye ke gani. Amma ta fi zafi a kan mutanen Saburi, domin su ne alƙalan da ba su da ma'auni. Matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda ya ratsa makarantar allo da Kwalejin Katsina, ya san cewa jabun malami ba ya yin kiwo sai inda aka bar masa makiyaya.

Irin wannan adabi ya bunƙasa a wasu ƙasashe da yaɗuwar jami'o'i. A Ingila, Kingsley Amis ya fitar da Lucky Jim a 1954, David Lodge kuma ya biyo da Changing Places a 1975 da Small World a 1984, inda yake zolayar shaihunan malamai masu yawon taruka. A Nijeriya, Chukwuemeka Ike ya rubuta The Naked Gods a 1970, a kan kokawar neman kujerar shugabancin jami'a. Tufafi ne kawai suka sauya, rawani ya koma hular digiri. Ciwon bai sauya ba: son girma, hassadar abokin aiki, da fakewa a bayan manyan kalmomi.

Ƙasar Hausa ma ta shiga wannan zamani tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, har Maraɗi ta sami tata jami'ar. Marubucin Hausa da ke son ya ɗauki alƙalami a kan ɗakin lacca da majalisar malamai bai da bukatar aro daga nesa, domin kayan aikin na nan a gida tun zamanin tashe da Zurƙe. Sharaɗin da magabata suka kiyaye ɗaya ne: su kansu almajirai ne, sun san darajar abin da suke karewa. Al'ummar da ta daina yi wa malaman ƙarya dariya, ba da jimawa ba za ta kasa bambance su da na gaskiya, ta wayi gari ta zama Saburi.