Allurar kashe zafi da murmurewa bayan tiyatar sauya gwiwa

Tiyatar sauya gwiwa aiki ne da ake yi wa wanda guringuntsin gwiwarsa ya cinye, galibi saboda amosanin gaɓɓai, har tafiya ta gagare shi. Likita yana yanke saman ƙashin cinya da na ƙwauri da suka lalace, ya maye gurbinsu da ƙarfe da roba mai tauri. Aikin yana cikin waɗanda suka fi zafi, kuma zafin ne yake hana majiyyaci motsa ƙafa a lokacin da motsin ya fi amfani.

Allurar baya

A asibitoci da yawa ba a sa mutum barci gaba ɗaya. Ana yi masa allura a ƙasan baya, cikin ruwan da ke kewaye da laka, sai jiki ya mutu daga ƙugu zuwa ƙasa na wasu awoyi. A asibitocin da ake aiki da Faransanci sunanta rachianesthésie. Likitan Jamus August Bier ne ya fara yin tiyata da ita a 1898. Tana rage tashin zuciya da magagin da ke bin maganin barci, amma takan saukar da bugun jini, ta riƙe fitsari na ɗan lokaci, wasu kuma su yi ciwon kai. Mai shan maganin tsinka jini ko maganin gargajiya dole ya sanar da likita kafin ranar aiki, domin zubar jini kusa da laka na iya jawo shanyewar ƙafa.

Allurar jijiya

Da yake allurar baya tana saurin sakin jiki, ana ƙara wata a gefen jijiyar da ke kai saƙon zafi daga gwiwa, ana duban wurin da na'urar eko. A da an fi kashe babbar jijiyar da ke matsematsi, sai dai wannan yana raunana naman gaban cinya, majiyyaci ya tashi tsaye ya faɗi. Yanzu an fi yin allurar a tsakiyar cinya ta ciki, inda zafi ke raguwa amma ƙarfin ƙafa ya saura. Likitan tiyata ma yakan zuba maganin kewaye da gwiwar kafin ya ɗinke.

Ƙarfin allurar jijiya yakan ƙare cikin awa 12 zuwa 24, zafi ya dawo da ƙarfi, sau da yawa cikin dare. Saboda haka ake fara ba da farasitamol da maganin kumburi tun ƙafar ba ta farfaɗo ba. Tramadol da dangin mofin na 'yan kwanaki ne kawai, bisa umarnin likita, domin suna kama jiki.

Murmurewa

Ana tayar da majiyyaci ya taka da sanduna a ranar aikin ko washegari. Wannan, tare da maganin tsinka jini, yana rage haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Aikin makonnin farko shi ne miƙe gwiwa sosai da lanƙwasa ta a hankali ƙarƙashin kulawar likitan gashi, domin gwiwar da aka bari ta sandare tana da wuyar gyara. Yawancin mutane suna ajiye sanda wajen mako 6, amma cikakken sauƙi na iya ɗaukar shekara guda, kuma kusan mutum 1 cikin 5 yakan ci gaba da jin wani zafi.

Tsugunno da durƙuso suna wahala bayan aikin, don haka ya kyautu a tanadi kujera da bayan gida na zama kafin a dawo gida. Wanda zai tsallaka iyaka don tiyatar ya nemi likitan gashi a garinsu tun kafin ya tafi, kuma ya dawo da takardar bayanin aikin da magungunansa.

A koma asibiti nan take idan sharaɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya taso, ko wurin ɗinki ya yi ja yana fitar da ruwa, ko kuma mutuwar ƙafa ta wuce lokacin da likita ya faɗa.