Kunne ko Ido? Nazarin Ingancin Sauti da Hoto a Faifan Opereta na Kallon Gida

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta ɗauka biyu na operetar Die Fledermaus, ta 1972 da ta 1986, domin gano ma'aunin da ya dace a auna ingancin irin waɗannan faifai da shi. Matsayin da aka kare shi ne, fitowar murya daga jikin mai ita a lokaci guda da wuri guda ta fi kaifin hoto nauyi a opereta, saboda yawan zancen baki da ke cikinta.

Gabatarwa

Opereta wasan dandamali ne na raha wanda ya bunƙasa a Faris da Biyana cikin ƙarni na 19, inda ake cuɗanya waƙa da rawa da zancen baki. Wannan zance shi ya raba ta da babbar opera, wadda galibi ake rerawa daga farko har ƙarshe. Die Fledermaus ta Johann Strauss ƙarami, da aka fara nunawa a gidan wasan Theater an der Wien a 1874, misali ce mai kyau: a kashi na uku akwai Frosch, gandiroba mashayi, wanda rawarsa ta magana ce zalla, kuma nasarar wannan kashi ta rataya a kan yadda yake jefa magana, ya yi shiru, ya jira dariyar 'yan kallo ta lafa. To amma masu sayar da faifai sun fi tallata yawan ɗigon hoto da yawan lasifikokin da za a kewaye falo da su, kamar dai nan ne ingancin ya tsaya.

Ɗauka biyu, darakta ɗaya

An zaɓi waɗannan ɗauka biyu ne saboda abin da suka yi tarayya a kai. Otto Schenk ne ya tsara duka biyun, Eberhard Wächter kuma shi ne Eisenstein, jarumin wasan, a kowanne. Na 1972 fim ne na kamfanin Unitel da ke Munik, wanda Leo Kirch ya kafa, Karl Böhm ya jagoranci makaɗan Biyana, Gundula Janowitz ta fito a Rosalinde, matar Eisenstein. Irin waɗannan finafinai ana fara naɗar kiɗan ne a sitidiyo, sannan mawaƙa su zo gaban kyamara su bi muryar tasu da leɓe. Na biyun kuwa a dandamalin gidan opera na jihar Bavaria aka ɗauke shi a ƙarshen 1986, gaban 'yan kallo, Carlos Kleiber na jagorancin makaɗa, Brian Large na sarrafa kyamarori.

Ta fuskar hoto, fim ɗin 1972 ya fi sa'a. Fim mai faɗin milimita 35 yana riƙe da bayanan da suka wuce abin da talabijin na zamaninsa ke iya nunawa, don haka ana iya komawa ga asalinsa a sake fitar da hoto mai kaifi. Ɗaukar 1986 kuwa ta talabijin ce, kuma tsarin PAL na Turai layuka 625 gare shi, 576 daga ciki ne ke bayyana a allo. Faifan DVD yana ɗaukar ɗigo 720 sau 576, ke nan ya wadatar da ita. Blu-ray da ya fito a 2006 da ɗigo 1920 sau 1080 ba shi da abin da zai ƙara mata sai miƙa hoton. Abin da kyamara ba ta gani ba a 1986, babu na'urar da za ta dawo da shi, sai dai ta ƙirƙira.

Da zarar an koma ga sauti sai ma'auni ya juya. Murya mai horo aiki ne na jiki: ƙirji na cika, wuya na ɗaurewa, haɓa na sauka idan za a hau sama. Mai bin waƙa da leɓe ba ya wannan aiki, ido kuma yana ganewa ko da leɓen ya dace. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya mai lamba BT.1359 ta nuna cewa mai kallo yakan fara lura da saɓani idan sauti ya riga hoto da kimanin kashi 45 cikin dubu na daƙiƙa, ko ya makara da kashi 125. Wannan ma na lokaci ne kawai. Akwai saɓanin wuri wanda ya fi shi illa: murya da aka naɗa a gaban makirfo ba ta raguwa idan mawaƙiya ta juya baya, ba ta nisa idan ta hau bene. Sannan kowace gaɓa da aka bar magana aka shiga waƙa, amon ɗakin sai ya canja, domin ba a wuri ɗaya aka naɗe su ba. A babbar opera wannan ɗinki ba ya yawan bayyana. A opereta kuwa ana ta shiga da fita tsakanin zance da waƙa, don haka kunne yana cin karo da shi a kai a kai. A ɗaukar 1986 kuwa, iskar da ta ɗauko maganar Wächter ita ce ta ɗauko waƙarsa, ita ce kuma ta ɗauko dariyar zauren da 'yan wasan ke auna shirunsu da ita.

Amsa ga masu ja

Za a ce sautin sitidiyo ya fi tsabta, kuma gaskiya ne. Ɗaukar dandamali tana zuwa da tari, da ƙarar takalmi a kan katako, da murya mai dusashewa idan mai ita ya yi nisa da makirfon da ke bakin dandamali. Babbar matsalarta a gida ita ce tazarar ƙarfi: a ƙara sauti don a ji zance, sai gamayyar muryoyi ta ƙarshen kashi na biyu ta faɗo kamar aradu. Sai dai wannan aibi ne da injiniya zai iya gyarawa wajen haɗa sauti, ta ɗaga zancen kaɗan da rage tazarar. Saɓanin murya da jiki kuwa yana cikin asalin ɗaukar, ba ya fita.

Za a kuma ce masu kallo sun daɗe da amincewa da bin waƙa da leɓe. Duk wanda ya tashi da finafinan Indiya ko na Kannywood ya san jaruma tana motsa baki ne a kan muryar wata, kuma bai dame shi ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, amma a can waƙa takan zo ne a matsayin tsibiri, labari ya tsaya, sutura da wuri su canja, mai kallo ya san an shiga wani yanayi. Waƙar opereta sau da yawa ci gaban zancen ne: Eisenstein da matarsa suna gardama da baki, sai gardamar ta zarce cikin kiɗa ba tare da kowa ya motsa daga inda yake ba.

Ja na uku ya fi wuyar amsawa. Wanda ba ya jin Jamusanci fassarar ƙasan allo yake bi, to mene ne ribarsa da tsabtar zancen? Amsar ita ce rubutu yana ba da ma'ana, amma barkwanci a lokaci yake. Jan harshen mashayi, da ɗan jinkirin da ke gaban kalmar ƙarshe, da fashewar zaure bayanta, su ne ke sanar da baƙo inda abin dariyar yake tun kafin ya gama karanta layin.

Akwai tarko biyu na fasaha da ya kamata mai nazari ya kula da su. Na farko, fim da aka ɗauka a kan hotuna 24 cikin daƙiƙa idan aka mayar da shi 25 don PAL, gudunsa yakan ƙaru da kimanin kashi 4 cikin 100, muryoyi su ɗan hau sama in ba a gyara ba. Wanda aka ɗauka a kan 25 aka sauke zuwa 24 kuma sai ya yi ƙasa. Na biyu, sautin kewaye na 5.1 da ke kan faifan tsofaffin ɗauka galibi daga sitiriyo aka ƙirƙiro shi daga baya, kuma a DVD tsarin Dolby Digital matsattse ne, iyakarsa kilobit 448 cikin daƙiƙa. Layin PCM na sitiriyo, wanda ba a matse shi ba, shi ya fi kusa da abin da aka naɗa. Mai son yanke hukunci a kan faifan opereta, sai ya zaɓi wannan layi, ya tsallaka kai tsaye zuwa kashi na uku. A wannan gwaji, ɗaukar Kleiber mai layuka 576 ta fi fim ɗin Böhm.