Tarihin Farfaɗo da Ciyayin Fireri a Tsakiyar Amurka ta Arewa

Fireri sunan wani shimfiɗaɗɗen dajin ciyawa ne mai ƙarancin itatuwa, wanda a da ya mamaye tsakiyar Amurka ta Arewa, tun daga lardin Manitoba na Kanada har zuwa Teksas. Sashen gabas, inda ruwan sama ya fi yawa, shi ne na doguwar ciyawa, kuma a kansa aikin farfaɗowa ya fi karkata. An ƙiyasta cewa faɗinsa ya kai eka miliyan 170 kafin zuwan Turawa manoma. Abin da ya saura yau bai kai kashi 4 cikin 100 ba, yawancinsa kuma a tuddan Flint Hills na jihar Kansas, inda duwatsu suka hana garma shiga. Sake shuka waɗannan ciyayi da furanni, da koya wa jama'a darajarsu, da shigar da su lambunan gidaje da makarantu da gefen tituna, aiki ne da ya faro a ƙarshen ƙarni na 19, ya zama fannin ilimi a shekarun 1930.

Yadda dajin ya ɓace

Babbar ciyawar wannan daji, wadda masana ke kira Andropogon gerardii, 'yar uwar gamba ce ta jini, tsayinta kan wuce mita 2 a shekarar da ruwa ya wadata. Amma mafi yawan jikin tsirran fireri a ƙarƙashin ƙasa yake. John Weaver na Jami'ar Nebraska ya shafe shekaru yana haƙa ramuka tare da ɗalibansa suna bin saiwoyi, suka tarar wasu sun nutsa mita 3 zuwa 4. Wannan sarƙaƙƙiyar saiwa ce ta sa fari da wuta da kiwon ɓaunar Amurka ba su kashe dajin ba, ita ce kuma ta tara baƙar ƙasa mai albarka wadda daga baya ta jawo masa halaka.

Manoman farko sun sha wuya, domin ƙasar takan manne wa garmarsu ta zubi, sai mutum ya tsaya ya kankare kafin ya ci gaba. A 1837 wani maƙeri mai suna John Deere, a garin Grand Detour na jihar Ilinoi, ya ƙera garma mai santsin baki wadda ƙasa ba ta kama ta. Dokar rabon filaye ta 1862 ta bai wa duk wanda ya zauna ya noma eka 160. Kafin ƙarni ya ƙare an juye kusan duka. Ilinoi, wadda har yau ake yi wa kirari da jihar fireri, tana da kimanin eka miliyan 22 na dajin. Abin da ya rage mata bai kai kashi 1 cikin 10,000 ba. Tare da garma an kori ƙabilun asalin ƙasar, waɗanda su ne ke cinna wa dajin wuta lokaci-lokaci. Sai da masana suka shafe shekaru suna lalube kafin su gane abin da korar wutar ta haifar.

Masu tsara lambu

Waɗanda suka fara waiwayar waɗannan tsirrai masu tsara wuraren shaƙatawa ne, ba masana kimiyya ba. Jens Jensen, ɗan Denmak da ya fara aiki a matsayin lebura a lambunan birnin Shikago, ya ga furannin da ake shigowa da su daga waje suna mutuwa, sai a 1888 ya ɗebo furannin daji daga bayan gari ya dasa a wani lungu na Union Park. Daga baya ya tsara Columbus Park, kuma a 1935 ya buɗe makarantarsa, The Clearing, a Wiskonsin. Wilhelm Miller na Jami'ar Ilinoi ya fitar da wani ɗan littafi a 1915 yana tallata wannan salo. Sai dai abin da suka fi nema shi ne kamannin dajin, wato shimfiɗar fili da faɗin sararin sama. Haɗa tsirrai ɗaruruwa su rayu tare kamar da, wannan bai shiga lissafinsu sosai ba.

Madison, 1934

A watan Yunin 1934, ana tsakiyar fari da guguwar ƙurar da ta kwashe ƙasar noma a filayen yamma, aka ƙaddamar da gandun shuke-shuke na Jami'ar Wiskonsin a Madison. A al'ada irin wannan gandu tarin itatuwan ƙasashe daban-daban ne, kowanne da allon suna a wuya. Malamin jami'ar Aldo Leopold da abokan aikinsa suka zaɓi wata hanya: a sake gina samfurin yadda ƙasar Wiskonsin take kafin garma.

Filin da aka ware tsohuwar gona ce da ta koma makiyayar dawaki, ciyawar Turai ta lulluɓe ta. Masanin tsirrai Norman Fassett ya fara gwaje-gwaje a 1935. Daga 1936 zuwa 1941 Theodore Sperry ya jagoranci matasan rundunar CCC, wadda gwamnatin Roosevelt ta kafa don sama wa marasa aiki abin yi. Babu kasuwar da za a sayi iri, babu littafin da za a duba. Sukan tafi da mota su sassaro faifan ƙasa da ciyawarsa daga sauran kufan dajin, su shimfiɗa ingiricin da aka yanko daga can don irin ya zube, ko su tsinko iri da hannu a gefen layin dogo. Tsirran suka kama, amma ciyawar Turai ta ƙi ba su wuri.

Mafita ta zo a shekarun 1940, lokacin da John Curtis da ɗalibinsa Max Partch suka gwada ƙona wasu ɓangarori suka bar wasu. Sakamakon da suka wallafa a 1948 ya nuna cewa wuta tana karya lagon baƙuwar ciyawa, tana ba 'yan gida dama. Dalilin a fili yake. Ciyawar Turai tana tsirowa da wuri, da zarar dusar ƙanƙara ta narke, alhali ciyayin fireri suna jiran ƙasa ta ɗumama. Idan aka sa wuta a wannan tsakani, sai ta cinye mai gaggawar fitowa da 'ya'yan itatuwa, ta share tarin busasshen ganye, rana ta bugi baƙar toka, saiwar da ke kwance ta farka. A zamanin da hukumomin gandun daji ke wa'azin cewa kowace gobara annoba ce, wannan magana ba ta yi wa mutane da yawa daɗi ba. Filin yana ɗauke da sunan Curtis yau, kuma shi ake ɗauka mafi tsufan fireri da hannun mutum ya sake shukawa a duniya. Kusa da shi akwai wani wanda Henry Greene ya dasa kusan shi kaɗai daga tsakiyar shekarun 1940. Da yawa cikin masana sun fi yaba nasa, saboda ya san irin ƙasar da kowane tsiro ke so kafin ya sa shi.

Maƙabartu da layin dogo

Duk wannan aiki ya dogara ne ga guntayen da garma ta tsallake, kuma galibinsu a wurare biyu suke: gefen layin dogo, da tsofaffin maƙabartun ƙauye da aka killace tun kafin a nome kewayensu. Leopold, a littafinsa A Sand County Almanac na 1949, ya ba da labarin wani dogon fure mai rawaya da ya tsira a kusurwar wata maƙabarta har ranar da ma'aikatan hanya suka sare shi. Robert Betz, malamin jami'a a Shikago, ya bi irin waɗannan maƙabartu ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon masu kula da su su daina askewa. Inda aka ji maganarsa, tsirran da aka yi shekaru ana datsewa suka sake tasowa daga saiwa.

A 1962 Ray Schulenberg ya fara shuka nasa fireri a gandun Morton da ke Lisle, yana renon dashe a ɗakin gilashi, ana dasawa ɗaya-ɗaya, ana cire ciyawa da hannu. Aikin ya yi kyau, amma a haka eka ɗaya ma sai an yi gumi. Betz ya nemi hanyar manoma. Ya shawo kan hukumar Fermilab, cibiyar binciken ƙwayar zarra da ke Batavia, ta ba shi fili a tsakiyar zoben na'urarta. Ya yi huɗa, ya yafa iri a 1975, daga baya har da injin girbi ake tattara irin. Filin ya kai kimanin eka 1,000, kuma duk kaka 'yan sa kai kan fito da jakunkuna su tsinki iri. A tsakanin nan, a 1968, Peter Schramm ya kira taron farko na masu wannan sha'awa a Kwalejin Knox da ke Galesburg, taron da ya ɗore har yau. A 1977 kuma Stephen Packard ya tara talakawan gari, malamai da masu ritaya da ma'aikatan ofis, suna fita ƙarshen mako suna sare ƙayar da ta cinye kufan daji a arewacin Shikago.

Ƙofar gida da filin makaranta

Gwagwarmayar da ta fi zafi da maƙwabta aka yi ta. Ba'amurken unguwa yana auna mutuncin gida da gajeriyar koriyar ciyawar ƙofarsa, kuma garuruwa da yawa suna da dokar da ta ƙayyade tsayinta. Lorrie Otto, wata mata a bayan birnin Milwaukee wadda ta taka rawa wajen sa Wiskonsin ta haramta maganin ƙwari na DDT, ta taɓa fitowa ta tarar ma'aikatan gari suna aske tsirran da ta bari a filinta da sunan ciyawar banza. A 1976 wani masanin namun daji, Donald Hagar, ya yi nasara a kotu kan garin New Berlin a irin wannan shari'a. Daga laccocin Otto ne ƙungiyar Wild Ones ta samo asali a ƙarshen shekarun 1970, yanzu tana da rassa a jihohi da dama. Wuraren sayar da iri su ma suka bayyana, irin su Prairie Nursery a Wiskonsin da Prairie Moon a Minnesota. A 1991 gandun Madison ya fara shirin Earth Partnership, inda ake horar da malamai su shuka ɗan fili tare da ɗalibai a harabar makaranta.

Abin da ake koya wa sabon shiga bai sauya sosai ba. A kashe tsohuwar ciyawa tukuna. Irin furanni da yawa ba ya tsirowa sai ya sha sanyi da laima, don haka ko a yafa shi a ƙarshen kaka, ko a cuɗa shi da jiƙaƙƙen yashi a ajiye a firij wata ɗaya ko biyu. A shekarar farko fili kan yi kama da wanda aka yi watsi da shi, domin tsiron yana can yana aikin saiwa, kuma a nan ne yawancin masu gida ke karaya. Masu sana'ar sukan ce shekarar farko barci, ta biyu rarrafe, ta uku tsalle.

Daga 1985 zuwa yau

Dokar noma ta 1985 ta fara biyan manoma su hutar da filayen da ke zaizayewa. Jihar Ayowa ta kafa asusu a 1988 don shuka ciyayin gida a gefen tituna. A 1996 aka mai da tsohuwar masana'antar harsasai ta Joliet gandun Midewin. Masu bincike na Jami'ar Jihar Ayowa, daga 2007, sun nuna cewa idan aka ba fireri kashi 10 cikin 100 na gonar masara ko waken soya, a jere-jere a gicciyen gangare, ƙasar da ruwa ke kwashewa tana raguwa da kusan kashi 95 cikin 100. Raguwar ƙudan zuma da wani malam-buɗe-littafi mai ƙaura zuwa Meziko ta ƙara jawo masu lambu, kuma lambun Lurie da aka buɗe a tsakiyar Shikago a 2004 ya sa masu kuɗi ma suka fara ganin kyan abin.

Duk da haka, shukakken fireri bai kamo na asali ba. Dogayen ciyayi kan danne furanni bayan 'yan shekaru, ƙananan furannin farkon shekara suna da wuyar kamawa, ƙwari da halittun cikin ƙasa kuma ba a sayen su a buhu. Filin Curtis kansa yana fama da ruwan da ke kwararowa daga titunan Madison da baƙuwar ciyawar da ke biyo shi. Guntayen asalin da ake ɗebo iri daga gare su kuma ba su daina raguwa ba. A watan Maris na 2023 aka shigar da katafila cikin Bell Bowl, wani tsohon kufan fireri a filin jirgin saman Rockford na Ilinoi, don shimfiɗa hanya, bayan ƙarar da masu kare shi suka shigar ta faɗi a kotu.