Tarihin Rile: Daga Wayar Tangaraho Zuwa Sarrafa Injinan Masana'anta

A jikin yawancin ƙananan na'urorin rile da ake amfani da su a masana'antu akwai wani rubutu da ke ɗaure wa ɗalibin lantarki kai. An rubuta cewa na'urar za ta iya kunnawa da kashe wuta mai kai da komo, wadda masu sana'a ke kira AC, har zuwa volt 250. Amma idan miƙaƙƙiyar wuta ce irin ta batir, wato DC, to kada a wuce volt 30. Na'ura ɗaya ce, ƙarfenta ɗaya, amma iyakarta ta ragu fiye da sau takwas. Dalilin wannan tazara yana cikin tarihin na'urar, wanda ya faro kusan shekara 190 da suka wuce.

Ita dai rile makunni ce wadda wutar lantarki ke latsawa a madadin yatsa. A cikinta akwai naɗin waya kewaye da ƙarfe. Idan ƙaramar wuta ta bi naɗin, ƙarfen yakan zama maganaɗisu ya janyo wani ɗan hannu, sai leɓɓan ƙarfe biyu su haɗu, babbar wuta ta samu hanyar wucewa a wani layi dabam. Idan aka ɗauke ƙaramar wutar, sifirin ya raba leɓɓan.

Joseph Henry da asalin na'urar

A shekarar 1831, wani malamin makaranta a garin Albany na Amurka, Joseph Henry, ya shimfiɗa waya mai tsawon kimanin mil guda a cikin makarantarsu, ya tura wutar batir ta cikinta, ta kaɗa ƙararrawa a ɗaya ƙarshen. A shekarar kuma ya ƙera maganaɗisun lantarki da ya ɗaga nauyin fiye da kilo 900. Bayan ya koma Princeton, wajen 1835, sai ya haɗa dabarun biyu: ya sa ƙaramin maganaɗisu, wanda raunanniyar wuta daga nesa ke iya motsawa, ya riƙa buɗe layin babban maganaɗisun. Wannan shi ne tushen rile.

Henry ne kuma ya fara bayyana abin da zai zame wa na'urar ƙarfen ƙafa. A 1832 ya rubuta cewa idan aka cire gajeriyar waya daga batir ba a ganin komai, amma idan doguwa ce, musamman naɗaɗɗiya, sai tartsatsi ya tashi a daidai lokacin cirewa. Dalili shi ne naɗin waya yana adana ƙarfi a matsayin maganaɗisu, kuma ba ya yarda wutar da ke bin sa ta tsaya nan take. Idan aka katse masa hanya, yakan haifar da ƙarfin volt mai yawa, ya tsallake gibin ta cikin iska. A taron masana lantarki na Shikago a 1893 aka sanya wa ma'aunin wannan ɗabi'a sunan henry.

Zamanin tangaraho da tarho

Sunan na'urar ya fito ne daga kalmar Faransanci da ke nufin zangon da manzo ke sauya dokin da ya gaji da wani mai ƙarfi. Aikinta na farko ke nan. Bayan Samuel Morse ya buɗe layin tangaraho tsakanin Washington da Baltimore a ranar 24 ga Mayu, 1844, layuka suka yi ta tsawo, saƙo kuwa yana raunana da nisa. Sai aka riƙa kafa rile a zanguna: raunannen saƙo ya motsa ta, ita kuma ta aika da sabo daga batirin wannan zango. A 1861 waya ta ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma.

Daga nan rile ta shiga ofisoshin tarho, inda dubbanta suka karɓi aikin masu haɗa kira da hannu. A 1937 Claude Shannon, yana ɗalibi a MIT, ya nuna cewa ana iya tsara layukan rile da lissafin Boole na "e" da "a'a". A 1941 Konrad Zuse ya kammala kwamfutarsa Z3 a Barlin da na'urorin rile fiye da 2,000. A duk waɗannan ayyuka wutar da leɓɓan ke katsewa kaɗan ce, domin saƙo ake aikawa, ba inji ake juyawa ba. Tartsatsin Henry yana nan, amma ɓarnarsa a hankali take tafiya.

Lokacin da wuta ta yi ƙarfi

Al'amarin ya sauya da aka fara raba wutar lantarki ga gidaje da masana'antu. A 1882 Thomas Edison ya buɗe tashar Pearl Street a New York da wutar DC mai volt 110, wadda ba ta iya wuce kimanin mil guda ba tare da asara mai yawa ba. George Westinghouse da Nikola Tesla suka tsaya a kan AC, wadda taransifoma ke iya ɗaga ƙarfinta don tafiya mai nisa. A 1896 wutar AC daga Niagara ta isa birnin Buffalo, gardama ta kusa ƙarewa. Duk da haka DC ba ta mutu ba. Jiragen ƙasa na cikin gari sun ci gaba da amfani da ita a kan volt 500 zuwa 600, haka ma ofisoshin tarho da duk wani abu mai batir.

A nan ne injiniyoyi suka ga bambancin wutar biyu a wajen katsewa. Idan leɓɓa suka fara rabuwa alhali babbar wuta na bi, iskar da ke tsakaninsu takan yi zafi har ta zama mai ɗaukar wuta, sai harshen wuta ya tsaya a cikin gibin. Wutar AC tana sauya alkibla a kai a kai. A ƙasashen da ke amfani da zagaye 50 a daƙiƙa, kamar Nijar da Gana da Kamaru da Najeriya, tana faɗowa sifiri sau 100 a kowace daƙiƙa. Kowace faɗowa dama ce ta mutuwar harshen, kuma jiran bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba. Wutar DC ba ta faɗowa sifiri. Harshenta yakan ci gaba da ci har sai gibin ya yi faɗin da ba zai iya riƙewa ba, ƙaramar rile kuwa gibinta bai kai milimita guda ba. Ƙari a kan haka, tun da alkiblar wutar ɗaya ce, narkakken ƙarfe yakan riƙa ƙaura daga leɓe ɗaya zuwa ɗayan, wannan ya yi rami, wancan ya yi tsini, har wata rana su maƙale.

Masu ƙera kayan jiragen cikin gari suka samo magani a wajen maganaɗisu: aka sanya shi kusa da leɓɓan domin ya ture harshen wutar gefe, ya miƙar da shi har ya tsinke. Ana danganta wannan dabara da Elihu Thomson, kuma har yau ita ake amfani da ita a manyan makunnan DC. A Ingila, Hertha Ayrton ta yi shekaru tana nazarin harshen wutar lantarki, ta wallafa littafi a kansa a 1902.

Zuwan PLC

Zuwa shekarun 1960, ana sarrafa injinan manyan masana'antu da akwatunan ƙarfe cike da ɗaruruwan rile. Tsarin aikin injin yana cikin yadda aka ɗaura wayoyin, don haka duk lokacin da kamfanin mota ya sauya samfuri sai an kwance an sake ɗaurawa, aiki ya tsaya na makonni. A 1968 sashen Hydramatic na kamfanin General Motors ya nemi a ƙera masa na'urar da za a iya sauya wa tsari ba tare da taɓa waya ba. Kamfanin Bedford Associates, inda Dick Morley yake, ya amsa da Modicon 084 a 1969. Irin wannan na'ura ce ake kira PLC. An tsara harshenta ya yi kama da zanen tsani da masu aikin lantarki suka saba karantawa, domin su karɓe ta ba gardama.

PLC ta ƙwace wa rile aikin tunani, amma ta bar mata aikin hannu. Ƙwaƙwalwar na'urar tana aiki da 'yan volt kaɗan, ba za ta iya kunna famfo ko bawul da kanta ba. Sai ta bi ta sashen fitarwa, wanda ya kasu iri uku. Mai taransista yana da sauri kuma ba ya gajiya, amma DC kaɗai yake ɗauka. Mai tirayak na AC ne kaɗai, domin tirayak ba ya mutuwa sai wuta ta faɗo sifiri; idan aka ba shi DC, ya kunnu ke nan. Mai rile shi ne ke ɗaukar kowace, tun da leɓɓansa ƙarfe ne zalla, kuma suna raba ƙwaƙwalwar na'urar da wutar filin aiki. Wannan ne ya sa na'urar ƙarni na 19 ta wanzu a cikin kwamfutar masana'anta.

Amma ta zo da tsohuwar matsalarta. Takardar bayanin PLC samfurin S7-1200 ta Siemens misali ce: kowace rile tana ɗaukar amfiya 2, a kan AC har volt 250, a kan DC har volt 30. Ba lodi, an ƙiyasta mata buɗewa da rufewa sau miliyan 10. Da cikakken lodi, sau 100,000 kacal. Idan tana aiki sau ɗaya a minti, dare da rana, wannan adadi zai ƙare kafin kwana 70.

Dabarun da aka gada

Ƙa'idojin da ake koyarwa a yau duk amsa ce ga abin da Henry ya gani a 1832. Idan lodin naɗin waya ne na DC, kamar bawul ko birki, ana ɗaura masa dayod a juye, domin ƙarfin da ya adana ya samu hanyar zagayawa maimakon ya tsallake leɓɓan. Idan na AC ne, dayod ba zai yi ba, sai razista da kafasita a haɗe. AC ma tana da nata haɗari a wajen kunnawa: fitila mai zare takan ja wuta kimanin sau goma fiye da ƙa'idarta a lokacin farko, abin da kan iya narkar da leɓɓan su manne. Hukumar IEC, wadda aka kafa a 1906, ta ware wa irin waɗannan lodi rukunai, kamar AC-15 da DC-13 na naɗin maganaɗisu, domin kada a ɗauki adadin lodi mai sauƙi a ɗora wa mai wuya. Idan kuwa lodin ya fi ƙarfin rilen PLC, sai a sa ta kunna wata babba a waje, wadda ake iya cirewa a sauya cikin minti biyu. Tsarin Princeton ne ya dawo, ƙaramin maganaɗisu yana umartar babba.

Wutar da aka zaci Westinghouse ya kayar tana dawowa da ƙarfinta. Farantan hasken rana da batura DC suke bayarwa, turakun wayar salula a kan volt 48 na DC suke aiki, kuma jerin faranta da ke juya famfon rijiyar burtsatse yakan kai ɗaruruwan volt. Mai haɗa irin waɗannan kaya a Maraɗi ko Garwa, idan ya ɗauki rile ya ga 250 a jikinta ya sa ta a layin faranta, harshen wutar ba zai mutu ba idan leɓɓan suka rabu. Roba za ta narke, akwati ya kama, famfon gari ya tsaya. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido, kuma adadin da ya shafe shi shi ne ƙaramin da aka rubuta kusa da haruffan DC.